NEMAN KOGWANNIN DA KE ƁOYE ƘARƘASHIN GONAKIN JEJU

A cikin watan Mayu na shekarar 2005, waɗansu ma'aikata suna haƙa ramin da za su kafa turken wayar lantarki kusa da ƙauyen Woljeong, a tsibirin Jeju na ƙasar Koriya ta Kudu. Suna cikin aikin sai dutsen da suke fasawa ya huje, wani rami mai duhu ya bayyana a ƙarƙashinsu. Da masana suka zo suka sauka ciki da fitilu, sai suka tarar da babban kogo wanda babu mai rai da ya san da zamansa. Aka raɗa masa suna Yongcheon. Awon da aka yi daga baya ya nuna tsawonsa ya kai kilometir 3 da metir 400, kuma a ƙarshensa, ta wajen teku, akwai tabki mai tsawon wajen metir 800. An tsinci fasassun tukwane a cikinsa, da gawayi, da ƙasusuwan dabbobi, da waɗansu kayan ƙarfe. Tukwanen na wajen ƙarni na 8 ne, zamanin daular Silla. Watau mutane sun taɓa shiga wurin, sa'an nan ƙofarsa ta toshe, aka mance da shi shekara fiye da dubu.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. Wajen shekara goma kafin nan, a gefen ƙauyen dai, ana cikin baje wata gona aka huda rufin wani ƙaramin kogo, wanda ake kira Dangcheomul. Sau biyu ke nan sa'a ce ta tona asirin ƙasa. To, hukumar da ke da hanyoyi da gidaje da rijiyoyi a bisa irin wannan wuri ba za ta zauna tana jiran sa'a ba, domin ranar da sa'ar ta ƙi, mota ce cike da mutane za ta gano kogon. Saboda haka aka koma ga neman kogwannin da gangan, da na'urorin awon ƙasa da injin huda dutse.

Yadda wuta ke gina kogo

Tsibirin Jeju ɗungurungum aman wuta ne ya gina shi. A tsakiyarsa akwai dutsen Halla, mai tsayin kusan metir 1950, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Koriya ta Kudu, ga kuma ƙananan duwatsu fiye da 360 da suka taɓa yin aman wuta a warwatse kewaye da shi. Ɗaya daga cikinsu, Geomunoreum, shi ne ya zubo da narkakken dutsen da ya gangara arewa maso gabas, tafiyar kilometir goma sha wani abu, har ya faɗa teku a wajejen Woljeong.

Narkakken dutse irin wannan yana fitowa da zafin digiri 1100 zuwa 1200, yana gudu kamar kunu. Duk wanda ya taɓa barin kunu a ƙwarya ya san samansa ke fara daskarewa, alhali cikinsa na nan da zafi. Haka abin yake a nan. Saman kwararar ya sha iska ya sandare ya zama rufi, gefunan su ma su sandare, amma a tsakiya wutar na ci gaba da gudu kamar ruwa a cikin tiyo. Rufin nan kuwa yana riƙe zafi ƙwarai: a tsibirin Hawai na Amurka an auna an ga cewa narkakken dutsen da ke bin irin wannan hanya bai cika rasa fiye da digiri ɗaya a kowane kilometir ba. Shi ya sa yake iya tafiya nesa. Ranar da aman ya tsaya, sauran narkakken dutsen ya tsiyaye gaba, sai a bar dogon rami fayau, mai baƙin bango. Mafi tsawon wanda aka sani a duniya shi ne Kazumura na Hawai, mai kilometir 65.

A Jeju wanda ya fi suna shi ne Manjang, mai tsawon kilometir 7 da metir 400, wanda a wani wurin faɗinsa ya kai metir 18, tsayinsa ya zarce metir 20. Wani malamin makaranta mai suna Bu Jong-hyu ne ya bi shi da ɗalibansa a shekarun 1946 da 1947, suna riƙe da itace mai wuta a maimakon fitila. Su dai sun sami ƙofa, domin rufin Manjang ya rufta a wurare uku. Nan ne matsalar take. Irin wannan kogo ba shi da ƙofa tun asali. Sai inda rufi ya faɗa ne ake samun hanyar shiga. Inda rufin ya yi ƙarfi bai faɗa ba, ƙasa da rairayi su rufe samansa, manomi ya shuka karas ko tafarnuwa a kai, ya gada daga uba, ya bar wa ɗa, ba wanda ya san a bisa rami yake noma.

Abin da ake tsoro

Tsoron kashi biyu ne. Na farko shi ne abin da kogo zai yi wa mutane. Kaurin rufin bai zama ɗaya ba: a wani wuri metir goma, a wani wuri bai cika metir guda ba. Rufin da ya ɗauki manomi da dokinsa shekaru aru-aru ba lalle ne ya ɗauki kamiyo mai tan arba'in ba, balle ginin bene. A Hawai an sha ganin motar tura ƙasa ta zurma cikin kogo ana tsakiyar share fili, kuma a watan Nuwamba na 2019 wani dattijo ya rasu a garin Hilo bayan ya faɗa cikin irin wannan rami a filin gidansa.

Na biyu shi ne abin da mutane za su yi wa kogo. Yongcheon da Dangcheomul suna da wani abu da ba a cika samu ba a duniya. Iska ta kwaso farin rairayin bakin teku, wanda akasarinsa ɓaraguzan ɓawon ƙananan halittun ruwa ne, ta jibge a bisa rufinsu. Ruwan sama ya narkar da farar ƙasar da ke cikin rairayin, ya bi tsagogin dutse da saiwoyin itatuwa yana ɗiga, har a hankali ya ƙawata baƙin kogon da fararen tsinkaye da ginshiƙai masu kama da kyandir. Wannan ado na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya kogwannin Geomunoreum cikin jerin kayan gadon duniya a shekarar 2007. Amma hanyar da ruwan sama ke bi, ita takin zamani da maganin ƙwari da ruwan masai za su bi. Kuma kusan duk ruwan da mutanen Jeju ke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ba a iya tsare kogon da ba a san inda yake ba.

Auna ƙasa ba tare da an tona ta ba

Mai neman kogo ba da na'ura yake farawa ba. Da taswira yake farawa, da tafiyar ƙafa, da tambayar tsofaffin ƙauye: ina ne ruwan sama ke nutsewa nan da nan, ina ne ƙasa ta taɓa lotsawa, ina ne iska mai ɗumi ke fitowa daga tsagar dutse lokacin sanyi. Ya kuma san cewa narkakken dutse daga tudu ya gangaro zuwa teku, don haka kogon ma can ya dosa. Sai ya ja layukan awonsa a gicciye, yadda tilas kowane layi ya ƙetare kogon in yana nan.

Dabara ta farko ita ce ta lantarki, kuma ba baƙuwa ba ce a Nijar. A ƙasar Damagaram da Muniyo, da Liptako ta yamma, inda dutse ke kusa da fuskar ƙasa, mutanen ƙauye da yawa sun ga ma'aikatan ruwa suna kafa turakun ƙarfe a jere, suna jan waya, kafin a kawo injin foraj. Aikin ɗaya ne. Wani injiniyan Faransa, Conrad Schlumberger, shi ne ya fara gwada shi a shekarar 1912 a yankin Normandi. Ana tura wuta cikin ƙasa ta turaku biyu, a auna yadda ta ratsa ta waɗansu biyu. In an ƙara nisa tsakanin turakun, wutar ta ƙara nutsewa, a sami labarin wuri mai zurfi. Yanzu akan jera turaku da dama a lokaci guda, kwamfuta ta yi ta sauya su, daga ƙarshe ta zana hoton cikin ƙasa kamar an yanka ta da wuƙa. Bambancin kawai shi ne abin da ake nema. Mai neman ruwa yana farin ciki da wurin da wuta ta ratsa cikin sauƙi, domin jiƙaƙƙen dutse yana ɗaukar wuta. Mai neman kogo kuwa wurin da wuta ta ƙi shiga yake so, domin iska ba ta ɗaukar ta.

Sai dai busasshen dutse mai tauri shi ma ba ya ɗaukar wuta sosai, har a hoto ya yi kama da rami. Kogon da ruwa ya cika kuma, kamar ƙarshen Yongcheon, alamarsa takan juye ta zama akasin abin da ake tsammani, musamman in ruwan na da gishiri.

Dabara ta biyu ita ce radar. Ana jan wani akwati a bisa ƙasa, yana aika igiyar radiyo ƙasa, yana sauraren wadda ta dawo. Inda dutse ya ƙare iska ta fara, igiyar takan dawo da ƙarfi, rufin kogon ya fito a allo da siffar baka. Radar tana da sauri, mutum biyu na iya bin kilometir da yawa na hanya a yini guda, kuma tana faɗin kaurin rufi, abin da mai gina hanya ya fi bukata. Rauninta shi ne zurfi. Laka da danshi da gishiri suna shanye igiyar, ta yadda a wata gonar ba ta wuce ƴan metir kaɗan. In aka zaɓi igiyar da ke nutsewa da nisa, hoton ya yi dishi-dishi. In aka zaɓi mai fitar da hoto tas, ba ta zuwa ko'ina. Sau da yawa kuma rufin kaɗai take nunawa, ba ta faɗin inda daɓen kogon yake.

Ta uku ita ce mafi ban mamaki, kuma mafi wahala: auna nauyi. Ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta, kuma ƙarfin jan ya danganta da yawan abin da ke ƙarƙashin ƙafa. A bisa rami, inda babu dutse, jan yakan ragu. Raguwar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyon goma ba, amma akwai ma'aunin da ke jin ta. Wahalar ita ce ma'aunin yana jin kome. Yana jin jan wata da na rana, yana jin bugun igiyar teku da wucewar mota. In aka yi kuskuren taƙi ɗaya wajen auna tsayin wurin da aka aza shi, zai iya nuna kogon da babu shi. Don haka kowane wuri sai an auna tsayinsa da santimetir, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Ladan haƙurin shi ne, rami rami ne a wurin wannan ma'auni: danshi da laka ba sa ruɗe shi yadda suke ruɗar sauran.

Akwai kuma awon maganaɗisu, tun da baƙin dutsen aman wuta yana da ƙarfe a jikinsa, rami kuwa ba shi da shi. Akwai na girgiza, inda ake buga guduma a bisa farantin ƙarfe a saurari yadda bugun ya bi ƙasa. Ƙwararru ba su yarda da shaidar na'ura guda. Sai biyu ko uku sun nuna wuri ɗaya sa'an nan su kafa alama.

Injin huda shi ne alƙali

Duk abin da na'urorin nan suka bayar zato ne. Babu wadda ta ga kogo. Kowace ta ce ne kawai a nan akwai abin da ya saɓa wa kewayensa. Ƙasar Jeju kuwa cike take da abin da ke ruɗi, domin aman wuta ya zubo sau da yawa, wani bisa wani, kuma tsakanin kowane shimfiɗi da na bisansa akan sami tarin ƙonanniyar tsakuwa mai iska a tsakaninta. A hoton lantarki wannan tsakuwa ba ta da maraba da ƙaramin kogo. Mai raba gardama shi ne injin huda.

Ramin da ake hudawa siriri ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Bakin ƙarfen yana da haƙoran daimon, yana yanka dutse ya fito da shi dogo-dogo kamar rake, a jera a cikin akwatuna bisa ga zurfin da kowane yanki ya fito. Mai injin da ya san aikinsa yakan gane kogo kafin kowa. Ƙarar injin ta canza, ruwan da ake turawa don sanyaya haƙoran ya daina dawowa sama, sa'an nan sandar ƙarfen ta sulluɓe ƙasa ba tare da ta ci karo da kome ba. Tsawon wannan sulluɓewa shi ne tsayin kogon a wurin. Wani lokaci ma iska ce za ta huro daga ramin. Daga nan a zura ƙaramar kamara mai fitila, a juya ta ko'ina. A yau akwai na'urar hasken leza da ke shiga ta irin wannan rami ta auna bango da rufi da daɓe, ta fitar da siffar wurin tun mutum bai sa ƙafa ba.

Mai karatu zai iya tambaya: in huda ce ke yanke hukunci, don me ba za a yi ta huda ba tun farko, a huta da wayoyi? Amsa ta farko kuɗi ne. Kogo mai faɗin metir biyar ko goma, wanda ke karkacewa kamar maciji a ƙarƙashin fili mai eka ɗaruruwa, ana iya huda rami hamsin a kewayensa ba a same shi ba, wani ramin ma ya kuskure shi da taku ɗaya. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Kogon da ya daɗe a rufe yana da danshinsa da sanyinsa waɗanda ba sa canzawa rani da damina, kuma a cikinsu ne fararen tsinkayen nan suka girma. Kowace huda rauni ce. Tana shigar da busasshiyar iska, da laka, da ƙwayoyin halitta na waje. Ruwan injin ma na iya ɓata a cikin minti ɗaya abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa. Saboda haka a wuri irin Woljeong awon na'ura amfaninsa shi ne rage yawan huda, a mai da hamsin ta koma biyar, kuma a toshe kowace da kyau bayan an gama.

Da wannan tsari ne aka bi gonakin da ke kewaye da Yongcheon da Dangcheomul. A shekarar 2009 awo ya nuna wani wuri, huda ta tabbatar, aka sami kogon da aka sa wa suna Namjimi, shi ma da farin ado irin na maƙwabtansa. Wannan karon ba turken lantarki ne ya gano shi ba, kuma rufinsa bai rufta da kowa ba.

Bayan an gano

Samun kogo ba ya kawo ƙarshen magana. Sau da yawa ma nan take farawa. Yongcheon da Dangcheomul an rufe su, ba a barin masu yawon buɗe ido su shiga, sai masu bincike da izini. Hukumar tsibirin ta yi ta sayen gonakin da ke bisa kogwannin daga hannun masu su, domin a daina zuba taki a kai. Babbar hanyar mota da ta kewaye tsibirin ta ratsa ta saman Yongcheon, don haka girgizar motoci ta zama abin lura. Mutanen Woljeong kuma, har da matan nan masu nutso cikin teku da Jeju ta yi suna da su, sun shafe shekaru suna jayayya da hukuma a kan faɗaɗa wata ma'aikatar tace ruwan ƙazanta da ke kusa, suna cewa za ta cuci kogon da tekun da suke ci daga gare shi. A irin wannan gardama, layin da mai awo ya ja a taswira yana iya tsai da gini, ko ya rage darajar gona, ko ya sa a karkatar da hanya. In ya ja shi a inda ba daidai ba, ko dai an zalunci manomi, ko an bar kogo ba tsaro. A shekarar 2018 an ƙara kogwanni uku na wajen tudu a cikin yankin da UNESCO ta amince da shi: Utsanjeon, da Bukoreum, da Daerim.

Har a duniyar wata

Dabarun nan ba su tsaya a doron ƙasa ba, domin wata ma ya taɓa yin aman wuta. Baƙaƙen tabon da ake gani a fuskarsa daren sha huɗu narkakken dutse ne da ya sandare. A shekarar 2009 masana suka ga wani rami mai faɗin wajen metir 65 a cikin hotunan da kumbon Kaguya na Japan ya ɗauko, a wurin da ake kira tuddan Marius, suka yi zaton rufin kogo ne ya rufta. A 2012 tagwayen kumbunan Amurka masu suna GRAIL suka auna nauyin wata daga sama, a 2017 kuma aka haɗa wannan awo da na radar Kaguya, duka biyu suka nuna alamar dogon rami a wajen. A watan Yuli na 2024 masana na jami'ar Trento ta Italiya suka sake karanta awon radar da wani kumbon Amurka ya yi tun 2010, suka ba da sanarwar cewa wani rami mai zurfin fiye da metir 100, a filin da ƴan sama jannatin Apollo 11 suka sauka a 1969, yana buɗewa zuwa cikin kogo. Abin da ya sa ake son waɗannan wurare shi ne a fuskar wata zafin rana yana wuce digiri 100, sanyin dare kuma ya sauka ƙasa da sifiri da fiye da digiri 150, alhali cikin kogo ba ya canzawa, ga rufi mai kare mutum daga tsakuwar sama. Can dai har yanzu awo ne kurum ake da shi. Ba a kai injin huda bisa ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a kuma zura kamara ba.